Ƙofar Yaya Bitrus

Akwai wata ƙarya a gidan nan wadda ni na kawo ta, mahaifiyarku kuwa tana ɗauke da ita yau shekara uku saboda ni na ɗora mata. Ta shafi Bappanku Bitrus, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, da yadda aka yi ya bar gida a shekarar gudu bai dawo ba. Abin da kuka sani shi ne, ranar da masu bindiga suka shiga Mubi na sa ku a mota zuwa ƙauye, mahaifiyarku ta biyo ku a ƙafa, ni kuma na tsaya rufe gida har hanya ta toshe, sai na fita ta wani wajen. Rabin wannan ne kawai gaskiya. Na sha tara ku da niyyar in faɗa muku sauran, amma da na buɗe baki sai in tarar ina ba ku labarin shanu. Shi ya sa na zauna na rubuta, tunda takarda ba za ta kalle ni cikin ido ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, a ƙauyenmu da ke bayan Gella, gindin dutse. Yaya ya girme ni da shekara shida. Shi ya shiga makarantar mishan ya zama Kirista, ya tsaya a gona. Ni kuwa mahaifinmu ya ba da ni ga wani amininsa Bafulatani mai fataucin shanu a Mubi, a hannunsa na musulunta, a hannunsa na koyi dillanci a tike, wato kasuwar shanu. A wajenmu wannan ba abin labari ba ne, gida ɗaya za ka ga mai zuwa coci da mai zuwa masallaci suna sa hannu a kwano ɗaya. Abu guda ake kiyayewa, shi ne yanka. In Kirsimeti ta zo, Kirista ba ya yanka dabbarsa da kansa, sai ya kira ɗan'uwansa Musulmi ya yanka masa, don dangi da maƙwabta kowa ya ci ba tare da ya tambaya ba. A gidan Yaya ni ne mai yankan, tun ina saurayi ban ko tara gemu ba.

Wallahi ban san wata safiya da nake kewa kamar wannan ba. Da na idar da sallar asuba zan hau babur, sanyi yana yanka mini kunnuwa, in isa ƙauye rana tana leƙowa ta kan dutse. Zan tarar da Yaya a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya wasa wuƙa, ya haƙa ɗan rami, ya ɗaure tauren da ya yi shekara yana kiwo da harawa da dusa. Shi ke juya shi ya fuskanci alƙibla, don ya fi ni sanin alƙiblar gidansa. Zai danne ƙafafun, in yi bisimilla, shi kuma ya ce amin da ƙarfi, ko da yake na gaya masa sau ba adadi ba a cewa amin a nan. Daga nan su duka su sa sababbin kaya su tafi coci, a bar ni ni kaɗai ina fiɗa, ina jin waƙarsu da yarenmu na Gude tana gangarowa daga tudu. Kafin su taso na gasa hanta. Wannan hantar ta mu biyu ce, ko matarsa Saratu ba ta taɓa ta. Mu zauna a kan gungume ɗaya muna dangwala yaji, yana yi mini tsiya wai birni ya sa na manta yadda ake riƙe fartanya, ni ina yi masa tsiya wai akuyarsa ta bana ta fi ta bara rama.

Sai Allah ya buɗa mini. Daga dillanci na fara sayen nawa shanun ina lodawa zuwa kudu, na gina gidan da kuke ciki, na sayi a-kori-kura, na je aikin hajji. Na dawo da haƙorin Makka a baki, kuma in gaya muku gaskiya, shekarar nan na yi dariya fiye da abin dariyar da ke akwai, don kawai a gan shi. Da Kirsimeti ta matso sai na ga wani rago a tike, balami fari tas, tsayinsa ya kai mini ƙugu. Na saye shi ban ko taya ba. Na gaya wa kaina kyauta ce zan yi wa yayana. Amma mai kyauta tsakani da Allah ba ya gayyato abokai biyu daga kasuwa su raka shi, kuma ba ya tsayawa a tsakiyar Gella ya yi kamar yana duba taya don mutane su leƙa bayan mota.

Muka isa, yara suka kewaye motar, aka sauke ragon. Yaya yana gindin tsamiya da ɗan taurensa baƙi. Saboda baƙina bai yi mini yare ba, ya yi Hausa, irin tasa da namiji da mace duk ɗaya ne, har na ji kunya ta kama ni a gabansu.

Na ce, "Yaya, ga abin da za mu yanka bana. A kwance wancan ya je ya huta."

Ya zagaya ragon, ya shafa bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora kamar shi ne dillalin.

Ya ce, "Kai, rago ya yi kyau. Allah ya ƙara. Amma ka ajiye shi ma Sallah naka. Akuya na yana nan, tun damina ina kiwon shi."

"Haba Yaya, dubi wannan ka dubi wancan."

"Na gani, Hamidu. Nama akwai. Hannun ka ni ke so."

Ɗaya daga cikin abokaina ya yi wani tari da ya yi kama da dariya. Watakila tari ne na gaskiya, sanyi ake yi. Amma ni abin da na ji shi ne an mayar mini da ragona a gaban mutane, kuma an kira ni Hamidu gatsal, alhali wata takwas ke nan, tun da na zama Alhaji, ko mahaifiyarku ba ta kira ni da sunan nan ba. Na san al'adarmu sarai. Ranar bikin mutum, daga guminsa yake ciyar da baƙinsa, naka kawai ka kawo hannu da ciki. Da Yaya ya yarda an yanka ragon nan, ƙauyen gaba ɗaya zai ce bana naman Alhaji aka ci a gidan Bitrus. Kuma abin da nake so a ce ke nan. Na sa aka mayar da ragon mota, na shiga na tayar, ban taɓa wuƙar ba. Saratu ta fito da gudu da ƙwaryar kunu tana kiran sunana, na gan ta ta madubi, ban tsaya ba.

A Mubi na nemo wa fushin nawa riga mai kyau na sa masa. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce tun da na dawo daga Makka na daina shiga irin waɗannan bukukuwa, kuma akwai masu jinjina mini kai. Mahaifiyarku ce kaɗai ba ta saya ba. Wata rana tana zuba mini shayi, ba tare da ta ɗago ba ta ce,

"Alhaji, ni dai ban gane ba. Addini ne, ko rago?"

Na yi kwana biyu ban yi mata magana ba, abin da ya isa ya nuna muku wanne ne.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Duk ƙarshen shekara saƙo zai zo ta bakin direbobin Gella, wai Bitrus ya ce a gaya wa ƙaninsa akuya tana ɗaure. In ce ina da lodi, ko ina da baƙi, ko ƙafata tana ciwo. Daga baya na ji yakan jira har ƙararrawar coci ta buga, sannan ya aika a kira wani maƙwabci Musulmi. Shi kuwa bai fasa zuwar mini Sallah ba. Zai zo a kan tsohon kekensa da ɗaurin dawa ko kwanon gyaɗa, in sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure, in bar shi ya ɗan jira, sannan in fito mu gaisa gaisuwar mutanen da suka haɗu a tasha. Ku ne kuke hawa jikinsa kuna Bappa, Bappa, ni ina gefe ina jan carbi. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa, ya ce mini "ka yi haƙuri." Da ya faɗa, na rantse muku washegari zan je. Shi kuwa bawan Allah bai ma san ya yi laifi ba, a ganinsa ƙaninsa ne yake ɗan fushi irin na yara, zai huce. In zai tafi sai ya dafa kafaɗata ya ce bana dai ka zo, in ce in Allah ya yarda, mu duka mun san abin da nake nufi.

Mutane suna zaton girman kai shi ne tafiya da ɗaga kafaɗa da amsa gaisuwa da hanci. Wannan fankama ce, kuma mai ita yana da sauƙi, kowa yana ganinsa, wata rana wani zai gaya masa. Ni a tike ba a taɓa ce mini mai girman kai ba. Ina durƙusa wa dattawa, ina cin abinci da masu kora mana shanu, in an yi mutuwa ni ne a sahun gaba. Nawa girman kan wuri ɗaya ya samu ya ɓuya, tsakanina da mutumin da ya fi kowa sona. Kuma bai taɓa zuwar mini da sunansa ba. Wata rana ya zo a matsayin addini, wata rana a matsayin kare mutunci, wata rana har ya gaya mini ai Yaya ne mai girman kan, irin na talaka da ba ya karɓar alheri. Duk tsawon shekarun nan ina kewarsa kamar in yi kuka. Ranar Kirsimeti ba na iya zama a gida, sai in tafi tike in zauna a rumfa ba ciniki ba komai. Amma kewar ba ta taɓa fin ƙarfin wannan ɗan lissafin ba, na cewa shi ya kamata ya fara.

Sai shekarar gudu. Damina ta ɗauke, dawa ta fara nuna, da hantsi muka fara jin harbi ta bakin gari. Kun tuna yadda na cusa ku a motar maƙwabcinmu mai zuwa Gella na ce a sauke ku gidan Bappa, don tawa motar tana hanyar kudu da shanu. Abin da ba ku sani ba shi ne ban daɗe a baya ba. Ni da mahaifiyarku tare muka kulle gida, tare muka bi ayarin mutane a ƙafa ta cikin gonaki. Hulata ta faɗi a wajen tsallake wani rafi, takalmina ɗaya ya tsinke na yar da shi, babbar rigata ta zama kalar ƙasa. Bayan la'asar muka wuce Gella muka kai mararrabar da 'yar hanyar ƙauyenmu ta rabu da hanyar iyaka. Daga nan ina hango tsamiyar, ina hango hayaƙi yana tashi daga gidan. Ƙafafuna sun kumbura, ƙishirwa ta busar mini da maƙogwaro, kuma ba abin da nake so a duniya kamar in je in zube a gindin bishiyar nan in ji ya ce Hamidu. Sai na dubi kaina daga sama har ƙasa.

Mahaifiyarku ta ce, "Alhaji, ga gida can. Mu ƙarasa."

Na ce, "Ki shiga. Ni zan bi mutanen kasuwa zuwa Kamaru, in na samu wuri zan aiko."

Ta tsaya tana kallona. "Yau ma?"

"Adama, ina da mota ban je ba, sai yau zan shiga masa ba hula, da takalmi ɗaya?"

"Wa zai kalli ƙafarka yau? Kowa ta ransa yake yi."

"Na gama magana."

"To in ya tambaye ni kai fa, me zan ce?"

A nan ne na yi abin da ya fi duk na baya muni. Ban so ya san na zo har bakin hanyarsa na wuce ba, don ko a lokacin ina so in fita da mutuncina a idonsa.

Na ce, "Ki ce na tsaya a Mubi in rufe gida, zan biyo baya."

Ta yi kuka, ta roƙe ni, na ce umarni ne. Na tsaya ina kallon bayanta har ta shige cikin dawa, sannan na juya na bi ayari.

Kusan wata guda na yi a tsallaken iyaka da kuma Yola, ba layin waya a wajenku, ba labari. Hankalina a kwance yake ta wajenku, don na san a hannun wa kuke, ku dubi ƙarfin hali. Da aka ce sojoji sun karɓe gari na shiga motar farko da na samu. An ɓalle ƙofar gidanmu, an kwashe abin da za a kwasa. A zaure, jingine da bango, ga keken Yaya, da gorar ruwansa ɗaure a baya, tayoyin sun sace. Tsohon keke ne, ko ɓarayin ba su so shi ba. Na daɗe a tsaye ina neman wata hanya da keken nan zai zo zaurena wadda ba ita ce nake tsoro ba, ban samu ba.

Ranar na tafi ƙauye, kuma wannan karon na shiga ƙofar, bayan shekara goma sha ɗaya. Kun rungume ni kuna murna, mahaifiyarku kuwa tana bakin ɗaki, ta rame kamar wadda ta yi jinya, ba ta iya ɗaga ido ba. Ita ta gaya mini. Yaya ya jira kwana biyu yana fita bakin hanya. A rana ta uku da sassafe ya ɗauki keke ya ce zai leƙa gona, ya kai ku kan dutse tukuna ya damƙa ku a hannun dangi. Saratu kaɗai ya gaya wa inda za shi. Sai da rana ta take mahaifiyarku ta ji, ta faɗi ƙasa ta gaya wa Saratu gaskiya, amma wa zai bi shi, kuma ta ina? Tsoho ne mai shekara saba'in da sunan Bitrus, ya shiga garin da masu irin sunansa suke gudu daga gare shi. Wani ya ce ya gan shi yana tura keke kusa da unguwarmu. Bayan wannan ba wanda ya sake ganinsa.

Na tarar da Saratu a bayan gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa a gabanta. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Da yarenmu ta yi magana, hannunta bai daina aiki ba.

Ta ce, "Na hana shi, Hamidu. Na riƙe masa keken. Ana gobe zai tafi ma wani mutumin Gella ya zo nan, ya ce masa, Bitrus, kwantar da hankalinka, na ga ƙaninka da idona a mararraba, ya bi hanyar iyaka."

Na ce, "An gaya masa?"

"An gaya masa."

"To me ya kai shi?"

Sai a lokacin ta ajiye gyaɗar ta dube ni.

"Cewa ya yi da mutumin, ba shi ka gani ba. Ƙanina ba zai wuce ƙofata a rana irin wannan ba. In bai shigo ba, to yana Mubi."

Mutumin bai yi kuskure ba, ni ya gani. Shekara goma sha ɗaya ina jiran yayana ya san girmana, ashe inda ya ajiye ni ya fi inda na ajiye kaina, kuma ban kai wurin ba. Don haka in kun ga mahaifiyarku ta yi shiru in an ambaci Bappa, ku sani ba laifinta ba ne, maganata ta isar. Ku je wa Mama Saratu, ku je wa 'ya'yanta, kada ku jira a kira ku. Ni ba ni da kabarin da zan je in tsaya a kai in ce masa ya yi haƙuri. Na tambaya a asibiti, na tambaya a coci, na tambayi waɗanda suka zauna a gari lokacin, ba wanda ya sani. Har yau in na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida sai na miƙe tsaye kafin in tuna.